Awon Kitsen Jiki da Sikelin Lantarki: Jan Hankali ga Jama'a

Ana jan hankalin jama'a game da wani irin sikeli da ya yawaita a asibitoci, da kantunan magani, da wuraren motsa jiki. Mutum yakan tuɓe takalmi ya taka waɗansu farantan ƙarfe, wani lokaci ya riƙe maɗauka biyu a hannu, kafin minti guda na'ura ta faɗa masa yawan kitse da tsoka da ruwan da ke jikinsa. Awon yana da amfani, amma sai an san yadda yake aiki.

Yadda na'urar take aiki

Wannan na'ura ba ta ganin kitse. Abin da take yi shi ne, takan tura wutar lantarki 'yar kaɗan ta ratsa jiki, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ba, tana kai da komowa wajen sau 50,000 a daƙiƙa guda. Mutum ba ya jin kome. Tsoka da jini cike suke da ruwa da gishiri, saboda haka wuta tana bin su da sauƙi, gama kimanin kashi 73 cikin 100 na jikin da ba kitse ba ruwa ne. Shi kuwa kitse ruwansa kaɗan ne, tare wuta yake yi. Na'ura takan auna yawan turjiyar da wutar ta gamu da ita, ta haɗa da tsawon mutum da nauyinsa da shekarunsa, da ko namiji ne ko mace, sa'an nan ta yi ƙiyasi. Wani likitan Faransa mai suna Thomasset ne ya fara gwada auna ruwan jiki ta wannan hanya a 1962, kamfanin Tanita na Japan kuma ya fitar da na amfanin gida a 1994.

Tun da yake ruwa ne tushen lissafin, duk abin da ya taɓa ruwan jiki ya taɓa sakamako. A ce magidanci ne a unguwar Shamaki cikin garin Gombe, yana azumi a watan Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40. Idan ya hau sikelin nan bayan la'asar, jikinsa ya bushe, wuta za ta sha wuyar wucewa, na'ura kuwa ta ɗora masa kitsen da ba shi da shi. In ya koma bayan salla, ya ƙoshi da ruwa, sai ya ga adadi ya sauka, alhali bai rame ba. Da yawa sukan tsorata a kan banza saboda irin wannan, har su shiga sayen magungunan rage ƙiba.

Shiri kafin awo

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da safe, kafin karin kumallo. A ƙalla a sami awa 4 ba a ci abinci ba, awa 12 ba a yi gudu ko aikin ƙarfi ba, amma a sha ruwa yadda aka saba tun jiya. A yi fitsari kafin a hau. A cire zobe da awarwaro da agogo, a fitar da makulli da waya daga aljihu. A wanke ƙafa a goge, kada a shafa mai. Da hunturu, kaushi da faso sukan hana wuta shiga sosai, sai a goge tafin ƙafa da jiƙaƙƙen tsumma. Mace ta dakata har ta yi wankan al'ada, domin jiki yakan tara ruwa a waɗannan kwanaki. Mai shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari ya sanar da ma'aikacin lafiya, amma ko kusa kada ya daina shan maganinsa domin awo.

Waɗanda bai kamata su hau ba

Duk wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, ko wata na'ura mai batir a cikin jiki, kada ya hau, sai fa in likitansa ya yarda, domin ana gudun wutar ta rikita aikin na'urar. Mai juna biyu ma ta haƙura sai ta haihu. Masu kumburin ƙafa saboda ciwon ƙoda ko zuciya ko hanta, sakamakonsu ba abin dogara ba ne a sikelin kanti. Su nufi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe.

Har wa yau, a lura cewa yawancin lissafin da ke cikin na'urorin an gina shi ne a kan jikin Turawa da mutanen Asiya, saboda haka yana iya kaucewa kaɗan a kan jikin ɗan Afirka. Abin da ya fi amfani shi ne a kwatanta awon mutum da nasa na baya, a na'ura ɗaya, a lokaci ɗaya na rana, wata-wata.

Sikelin nan ba ya gano ciwon suga, ko gyambon ciki, ko rashin haihuwa. Wanda ya tare ku a kasuwa ko ƙofar masallaci da na'ura, ya lissafa muku cututtuka, sa'an nan ya buɗe jakar magani, kuɗinku yake so. Wanda bai sami na'ura ba kuwa, tef ɗin tela ya wadatar: a auna ƙugu wajen saitin cibiya. Idan ya wuce santimita 102 ga namiji, ko 88 ga mace, a je asibiti mafi kusa a auna hawan jini da suga.