Kwandon Tumatir na Tafiya Legas, Yaro na Shan Koko

Duk wanda ya bi titin Zariya da rani ya san Kwanar Gafan: kwanduna jere, manyan motoci na lodin tumatir zuwa kudu. Tun da aka gina madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, aka ja ruwa ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, noma bai ƙara tsayawa a yankin nan ba. Shinkafa da damina, alkama da albasa da tumatir da rani.

To amma ka leƙa gida da hantsi, ka duba kofin da ke hannun ɗan wata tara. Sau da yawa koko ne tsararo, an zuba sukari, shi ke nan. Cikin yaro kuwa ɗan ƙarami ne. Ruwa ya cika shi, ya yi shiru, uwa ta ɗauka ya ƙoshi. Haka tamowa ke shigowa a hankali, ba sallama: gashi ya yi ja ya yi laushi, damtse ya tsuke, wani ƙafafunsa su kumbura har a ce ƙiba ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Tsumburewa ba gajarta kaɗai ba ce, har ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma abin da aka rasa daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu da wuya a maido shi.

A ganina, a Kura da Bunkure ba rashin abinci ne kan gaba ba. Noman rani na kasuwa ne: tun a bakin gona dillali ke saye, kuɗin ya tafi biyan bashin taki da magani. Wanda ke riƙe da kuɗin cefane daban, mai dama kunu daban. Shi ya sa maganar nan ta maigida ce kafin ta uwargida.

Gyaran ba tsada gare shi ba. Wata shida na farko nono zalla, ko ruwa ba a ba jariri, don nono da ruwansa yake zuwa. Ruwan da ake ɗura masa "saboda zafi" shi ke kawo gudawa. Daga nan a ci gaba da shayarwa, a haɗa da kunu mai kauri, wanda ba ya saurin zuba daga cokali ko an karkata shi. A soya gero da waken suya da gyaɗa, a niƙa tare, a ajiye a mazubi mai murfi. A barbaɗa garin zogale, a ɗiga manja ko man gyaɗa, a murmusa busasshen kifi. Ƙwai ma a ba shi; zancen wai yaro mai cin ƙwai zai yi sata, canfi ne. Ɗan wata tara zuwa sama yana bukatar ci sau uku ko huɗu a yini, a kwanonsa shi kaɗai, domin in an haɗa shi da yayyensa, kafin ya kai loma ɗaya baki sun suɗe kwanon.

Magudanan da ke raya gona su ne kuma ke kawo sauro da tsargiya. Yaron da zazzaɓi da zawo ke ta kayarwa ba ya riƙe abin da ya ci. In an ga yana ramewa, a kai shi asibitin sha-ka-tafi a auna damtsensa da zaren awo mai launi uku. In ya faɗa ja, kada a kwana.