Hujjar Tsohon Soja da Amanar Diwani

Sanannen abu ne wurin malaman fiƙihu cewa kawo hujja yana wuyan mai da'awa, kuma bisa wannan ƙa'ida ce hukumomin fansho suke neman abu uku daga tsohon sojan da ya zo neman haƙƙin naƙasa: ya nuna lalurar da ke jikinsa yau, ya nuna abin da ya same shi yana cikin kaki, sa'an nan likita ya shaida cewa wancan ne sababin wannan. Na farko ba shi da wuya, gama gurgu ba ya iya ɓoye gurguntarsa, amma sauran biyun a takarda suke, takardar kuwa tana hannun hukuma.

Cikin 'yan mazan jiyanmu, tun daga waɗanda suka je Bama a runduna ta 81 da ta 82 tsakanin 1943 da 1945, har zuwa na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da na Laberiya a 1990, wanda harsashi ya kwantar a asibiti an rubuta sunansa da lambarsa. Amma wanda ƙarar igwa ta kurumtar da shi sannu a hankali, ko firgici ya hana shi barci bayan shekaru masu yawa, wace shaida zai kai gaban Hukumar Fanshon Soja a Abuja?

Amurka ta san wannan matsala, domin a 1973 gobara ta cinye fayil ɗin sojoji kimanin miliyan 16 zuwa 18 a birnin St. Louis. Ta kuma yi doka a 1991 saboda sojojinta da suka yi yaƙin Biyetnam, da wata a 2022 saboda na Iraƙi da Afganistan, cewa wanda ya yi aiki a wuri kaza lokaci kaza, ya kamu da ɗaya daga cikin cututtukan da aka lissafa, to a ƙaddara aikin ne sababi, ba sai ya tabbatar ba.

Tun zamanin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ya kafa diwani domin rubuta sunayen mayaƙa da rabonsu, tsare rajista amana ce ta shugabanni. Saboda haka ya wajaba soja ya kai rahoton kowane rauni a rubuta, ya adana takardar sallamarsa. Idan kuwa fayil ya salwanta a hannun hukuma, adalci shi ne a karɓi shaidar abokan aikinsa da ta likita, kada a ɗora wa mai rauni alhakin sakacin da ba nasa ba.