Gayyatar Sarkin Ingila Ba Takardar Shaidar Adalci Ba Ce

Duk lokacin da aka nuno wani shugaban ƙasa zaune kusa da Sarkin Ingila a cikin keken doki, dakarun fada a gaba da baya, ana ta harba igwa, akwai maganar da ba a rasa ji a majalisun hira. Magoya bayan shugaban su ce ai magana ta ƙare, duniya ta shaida, da ba mutumin kirki ba ne da Sarki bai buɗe masa ƙofar gidansa ba. Masu adawa da shi kuma su ce Sarki ya ba su kunya, ya rasa wanda zai karrama sai wannan. Ɓangarorin biyu suna ganin sun yi hannun riga, alhali a kan tushe ɗaya suka yi gini. Dukansu sun ɗauka Sarki ne yake zaɓen baƙonsa, kuma gayyatar hukunci ce da ya yanke a kan halin baƙon da salon mulkinsa.

Mai wannan fahimta bai cancanci zargi ba. A ƙasar Hausa, idan sarki ya sauke mutum, ya yafa masa alkyabba, ya ba shi doki, kowa ya san fada ta yarda da shi, kuma abin zai bi sunansa har jikoki. Ga shi kuma abin da ido yake gani a Landan yana ƙarfafa zaton. Da sunan Sarki takardar gayyata take fita, a gidansa baƙon yake kwana, a teburinsa yake cin abinci, shi ne kuma yake miƙewa ya yi jawabin maraba. Sai dai idan aka bi yadda ake shirya irin wannan ziyara, aka kuma duba jerin waɗanda suka samu, zaton ba ya tsayawa da ƙafafunsa.

Hujja ta farko tana cikin tsarin mulkin Birtaniya. Tun sauyin da aka yi a 1688 da dokar da ta biyo baya a 1689, iko ya riƙa komawa hannun majalisar dokoki, har aka kai ga ƙa'idar da ake bi yau: a harkokin ƙasa, Sarki yana aiki ne da shawarar ministocinsa, kuma shawarar nan ba irin wadda ake ɗauka ko a bari ba ce. Ziyarar ƙasa, wato mafi girman tarba da ake yi wa shugaban wata ƙasa, tana cikin waɗannan harkoki. Gwamnati ce take tsai da wanda za a gayyata, ta hanyar Ma'aikatar Harkokin Waje da ofishin Firaminista, da wani kwamiti da jami'an gwamnati da na fada suke zama a cikinsa. A al'ada ba a cika wuce baƙo ɗaya ko biyu a shekara ba, don haka gwamnati ba ta ba da wannan dama sai inda take da buƙata. Hatta jawabin da Sarki yake karantawa a wurin liyafa, da hannun jami'an gwamnati a cikin rubuta shi.

Wanda yake son gani da ido ya tuna abin da ya faru a Fadar White House ranar 27 ga Fabrairu, 2025. Firaminista Keir Starmer yana zaune kusa da Shugaba Donald Trump, 'yan jarida sun cika ɗakin, sai ya sa hannu a aljihun kwat ɗinsa ya zaro ambulan ya miƙa. Trump ya buɗe, ya duba, ya ɗaga takardar ya nuna wa masu ɗaukar hoto sa hannun Sarki Charles. Gayyata ce ta ziyarar ƙasa karo na biyu, wadda aka yi a Fadar Windsor a watan Satumba na wannan shekarar. A lokacin, Birtaniya tana neman sassauci a kan harajin da Amurka take shirin ɗora wa kayan ƙasashen waje, tana kuma neman kada Amurka ta juya wa Yukren baya. Gayyatar farko ma Firaminista Theresa May ce ta isar da ita a Janairun 2017, mako ɗaya bayan rantsar da Trump. Mutum fiye da miliyan 1.8 suka sa hannu a takardar koke suna neman a fasa, gwamnati ta ƙi, aka yi ziyarar a Yunin 2019. Sau biyu ke nan sa hannun na fada ne, amma wanda ya ɗauko saƙon, ya zaɓi ranar miƙa shi, yake kuma jiran amfaninsa, ɗan siyasa ne.

Hujja ta biyu ita ce jerin baƙin. Da gayyatar shaidar adalci ce, da ba a ga Mobutu Sese Seko na Zayar a Fadar Buckingham a Disambar 1973 ba. Da ba a ga Nicolae Ceausescu na Romaniya a Yunin 1978 ba, mutumin da 'yan sandan cikinsa suka hana jama'arsa sakat. Gwamnatin Firaminista James Callaghan ce ta so zuwansa, saboda dalilai biyu a fili: ya nuna 'yar tirjiya ga Tarayyar Sobiyat a zamanin yaƙin cacar baka, kuma ana cinikin ƙera jiragen saman Birtaniya samfurin BAC 1-11 a ƙasarsa. Marubuta tarihin Sarauniya Elizabeth sun ruwaito cewa tana yawo da karnukanta a lambun fada ta hango shi da matarsa suna tafe, sai ta laɓe a bayan shuke-shuke don kada su haɗu. Duk da haka ta hau keken doki da shi, ta zauna liyafa da shi, domin aikin da tsarin ƙasarta ya ɗora mata ke nan.

Abin da ya biyo baya ya ƙara fito da gaskiyar. Lambar girmamawar da aka ba Ceausescu an ƙwace ta a Disambar 1989, ana gobe za a harbe shi bayan jama'arsa sun yi masa bore. Robert Mugabe na Zimbabuwe ya samu ziyarar ƙasa da lambar girma a 1994, a zamanin John Major, aka soke lambar a 2008. Vladimir Putin ya zo a Yunin 2003, zamanin Tony Blair, shi ne shugaban Rasha na farko da aka yi wa irin wannan tarba tun bayan Sarki Alexander na Biyu a 1874, ga shi yau yana cikin waɗanda Birtaniya ta ƙaƙaba wa takunkumi. Yoon Suk Yeol na Koriya ta Kudu ya ci liyafar Sarki Charles a Nuwambar 2023, ya ayyana dokar soja a ƙasarsa a Disambar 2024, kotun tsarin mulki ta tabbatar da tsige shi a Afrilun 2025. Takardar shaidar da za a ba mutum yau a karɓe gobe, dama can ba halinsa ta auna ba. Buƙatar lokacin ta auna.

Hujja ta uku ta gida ce. A tsawon shekara 70 na sarautar Elizabeth ta Biyu, shugabannin Nijeriya uku ne suka samu ziyarar ƙasa: Janar Yakubu Gowon a Yunin 1973, Alhaji Shehu Shagari a Maris na 1981, da Janar Ibrahim Babangida a Mayun 1989. Biyu daga cikin ukun sojoji ne da suka hau mulki ta hanyar juyin mulki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba dimokuraɗiyya ake saka wa da keken doki ba. Idan kuma aka dubi shekarun, kowace ziyara tana da dalilinta.

Gowon ya je ne shekara uku bayan ƙarewar yaƙin basasa, Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, kuɗin man fetur sun fara shigowa, ga dokar 1972 da ta tilasta wa kamfanonin waje sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, kuma kamfanonin Birtaniya ne a sahun gaba na waɗanda dokar ta shafa. Shagari ya je ne ana ɗinke ɓaraka, domin a 1979 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙwace kadarorin kamfanin BP a kan rikicin Rodeshiya da Afirka ta Kudu, sai Rodeshiya ta samu 'yanci da sunan Zimbabuwe a Afrilun 1980 hanya ta buɗe. Babangida ma ɗinki aka yi da shi. A Yulin 1984 aka gano Alhaji Umaru Dikko a cikin akwati a filin jirgin sama na Stansted, ƙasashen biyu suka kori jami'an juna, dangantaka ta yi tsami. Firaminista Margaret Thatcher ta zo Nijeriya a Janairun 1988, har aka yi mata hawan daba a Kano, ga gwamnatin Babangida tana aiwatar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP da masu bin Nijeriya bashi suke so. Bayan shekara guda da 'yan watanni gayyata ta iso. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

A nan ya kamata a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Ba duk hoton shugaba da Sarki ne ziyarar ƙasa ba. Shugaba yana iya zuwa Landan taro, ko ziyarar aiki, ko ma duba lafiyarsa, ya samu ganawa ta ɗan lokaci a fada. Shugaba Muhammadu Buhari ya gana da Sarki Charles a Fadar Buckingham a Nuwambar 2022, amma wannan ganawa ce. Ziyarar ƙasa, idan a Landan aka yi ta, tana da alamominta: tarba da faretin girmamawa, jerin gwanon kekunan doki, harba igwa sau 41 a dandalin Green Park, liyafar dare mai ɗaukar mutum wajen 170 a babban zauren Buckingham, ajiye furanni a kabarin sojan da ba a san sunansa ba a majami'ar Westminster, sannan zaman tattaunawa da Firaminista. A wannan zama na ƙarshe, wanda ba a cika nunawa a talabijin ba, ake yin ainihin cinikin. Obasanjo ya yi shekara takwas yana zaɓaɓɓen shugaba bai samu ziyarar ƙasa ba, kuma wannan bai sa ya gaza Babangida daraja a idon duniya ba. Ita Sarauniyar ce ma ta zo Abuja a Disambar 2003, lokacin taron ƙungiyar ƙasashe renon Ingila.

Mai karatu yana iya cewa, to ashe Sarki hoto ne ke nan, ba shi da ta cewa? Adalci shi ne a ce yana da tasiri, amma ba shi da ikon yanke hukunci. Yana ganawa da Firaminista a keɓe kusan kowane mako, ana tuntuɓar fada a kan lokaci da tsari, kuma 'yan gidan sarauta mutane ne masu son wani da ƙin wani. Kowa ya ga irin sakin fuskar da Sarauniya ta yi wa Nelson Mandela a Yulin 1996. An kuma lura cewa Charles, yana Yarima mai jiran gado, bai halarci liyafar da aka yi wa Shugaba Xi Jinping na Sin a Oktoban 2015 ba. Amma rashin zuwansa bai hana ziyarar ba, bai hana a ƙulla yarjejeniyar shigar da kuɗin Sin cikin ginin tashar nukiliya ta Hinkley Point ba. Iyakar abin da ɗan sarauta zai iya shi ne ya saki fuska ko ya ɗaure ta.

Wani kuma zai tsallaka ɗaya gefen ya ce, tunda haka ne, ziyarar wasan kwaikwayo ce da ɓarnar kuɗi. Wannan ma kuskure ne. Da yake Sarki ba ɗan wata jam'iyya ba ne, yana tsayawa a madadin ƙasar gaba ɗaya, kuma akwai saƙon da irinsa kaɗai yake iya isarwa. A Afrilun 2014 Michael D. Higgins ya zama shugaban Ailan na farko da ya kai ziyarar ƙasa Birtaniya, bayan ɗaruruwan shekaru na mulkin mallaka da zubar da jini. Cikin waɗanda suka zauna liyafar Windsor har da Martin McGuinness, tsohon kwamanda a ƙungiyar IRA, ƙungiyar da ta kashe Lord Mountbatten, ɗan'uwan Sarauniya, a 1979. Babu wanda ya ɗauka Sarauniya ta wanke kowa daga laifi a daren nan. Abin da aka fahimta shi ne ƙasashe biyu sun yarda su ci gaba da zama lafiya. Haka a 1998, da Sarkin Jafan Akihito ya zo, tsofaffin sojojin Birtaniya da suka sha azaba a sansanonin Jafan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sun tsaya a bakin hanya suka juya wa keken dokinsa baya. Ba a hana su ba, ba a kuma fasa ziyarar ba, domin ƙasar Jafan ake tarba, da alaƙar da ake son ɗorewarta.

Saboda haka, duk ranar da aka gayyaci wani shugaba namu, girmamawar ta ƙasa ce, kuma babu laifi mu yi farin ciki da ita. Yawan jama'armu, kasuwarmu, man fetur ɗinmu da matsayinmu a Afirka su ne suka jawo ta, kamar yadda suka jawo ta a 1973 da 1981 da 1989, ko wane ne yake kan kujera. Tambayoyin da suka dace da mai neman gaskiya su ne: me gwamnatin Birtaniya take nema a wannan karon, wace yarjejeniya aka sa wa hannu, wa zai biya, wa zai amfana, kuma me tawagarmu ta dawo da shi ban da hotuna? Hukunci a kan adalcin shugaba kuwa ba a fadar wata ƙasa ake yanke shi ba. Haƙƙin waɗanda yake mulka ne, su da suka san farashin abinci da halin asibitoci da tsaron hanyoyinsu, kuma bai kamata su miƙa wannan haƙƙi ga Sarkin da ko baƙon gidansa ba shi yake zaɓa ba.