Kula da Halittar Allah: Darasi Daga Mafarautan Alaska

Farawa 2:15 ta nuna mana aikin farko da Allah ya ba mutum, wato noman gona da kuma kiyaye ta. To, wa ya san yadda ake kiyayewa? Masu ilimin boko ne kaɗai? Wani abu da ya faru a Alaska, can arewacin Amurka, zai taimake mu.

Mutanen Inupiyat sun daɗe suna rayuwa da naman wata ƙatuwar dabbar teku da ake kira bohed. Siffarta ta kifi ce, amma iska take shaƙa. A 1977 hukumar duniya mai kula da farautar irin waɗannan dabbobi ta hana su farautarta, domin ƙidayar masana ta nuna waɗanda suka rage ba su wuce 2,000 ba. Abincin al'umma guda ya shiga haɗari.

Dattawan mafarauta suka ce ƙidayar ba daidai ba ce. Masu ƙidaya suna tsayawa a bakin ƙanƙara, suna lissafa abin da ido ya gani kawai. Dattawa, irin su Harry Brower, suka bayyana cewa da yawa suna wucewa ta ƙarƙashin ƙanƙara, suna fasa ta da kai su sha iska, wasu kuma suna bi ta nesa. Da masana suka saurara, suka sa na'urorin jin sauti a cikin ruwa, sai ga kukan dabbobin da ba a gani ba. Maganar dattawa ta tabbata. Aka ci gaba da farauta bisa adadin da aka ƙayyade, dabbobin kuma suna ƙaruwa. Ƙidayar 2011 ta kai wajen 16,800.

Mu lura: dattawa ne suka san hanyar dabbar, masana kuma suka kawo ma'aunin da duniya ta yarda da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ikilisiyoyinmu akwai tsofaffin mafarauta, masunta da makiyaya da suka san lokacin haihuwar namun daji da hanyoyin da suke bi zuwa ruwa. Akwai kuma 'ya'yanmu da suka yi karatun kimiyya. Ayuba 12:7-8 ta ce dabbobi ma suna da abin koya mana. Mu haɗa tsofaffin nan da matasa tun suna raye, don kada sanin ya bi su kabari.