Haɗarin Haƙar Man Fetur a Cikin Teku

Kafin kamfani ya fara ɗibar mai a teku, sai ya haƙa rijiyar gwaji don ya tabbatar ko akwai man. Wannan aiki yana da haɗari ƙwarai, domin iskar gas da ke ƙarƙashin ƙasa a matse take. Ma'aikata kan danne ta da laka mai nauyi da siminti. Idan waɗannan suka gaza, sai gas ɗin ya taso da ƙarfi.

Abin da ya faru ke nan a Tekun Meksiko, kusa da gaɓar Amurka, ran 20 ga Afrilu, 2010. Simintin rijiyar Macondo ta kamfanin BP bai riƙe ba, na'urar toshe bakin rijiyar ma ta kasa. Dandamalin haƙa mai suna Deepwater Horizon ya kama wuta, mutum 11 suka rasu. Bakin rijiyar yana zurfin wajen mita 1,500, inda ɗan Adam ba ya iya nutso, saboda haka mai ya yi kwana 87 yana kwarara. Tsuntsaye da kunkurun teku da kifaye suka mutu, aka hana masunta su na watanni.

Man da ya malala a teku ba ya kwasuwa duka. Shi ya sa rigakafi a nan ya fi magani.