Dama Can Ba Namu Ba Ne

A Birnin Ƙonni, ko Galmi, ko Badagishiri, idan mutum ya daina zuwa masallacin da aka san shi da shi, kafin sati ya zagayo an gama yi masa fassara. Ba a jiran ta bakinsa. In wazifa ya bari ya koma wurin 'yan Izala, sai a ce kuɗin Larabawa ya hango. In Izala ya bari ya koma zawiya, sai a ce dama bai yi karatu ba, ko kuwa kujera ya nema ya rasa. Wanda ya karkata wajen almajiran Zakzaky, Iran ta saye shi. Wanda ya koma gefe ba ya bin kowa, sai a fara leƙen idonsa, ko sammu ne, ko taɓin hankali.

Dalilan ba su cika wuce uku ba: kwaɗayi, jahilci, ɓacin rai. Dukkansu a kan mutumin suke, babu wanda ya taɓa maganar da ya ɗaga. Ɗauki saurayin da ya jira aka tashi daga karatun magariba, ya matsa kusa ya ce, "Allah gafarta Malam, hadisin nan bara kun ce mai rauni ne, ga shi yau an kafa hujja da shi." Ko ya tambayi inda aka kwana kan kuɗin ginin makaranta. Da dare a fada, ana zuba shayi na biyu, ba hadisin ake tattaunawa ba. Ana lissafin da wa aka gan shi ranar kasuwa, wa ya saya masa babur, tun yaushe wandonsa ya fara sauka ƙasan idon sawu. Kafin a kai shayi na uku wani ya ce, "Ni dama ban taɓa yarda da shi ba." A nan ake binne tambayar.

A ganina wannan fassara ba don wanda ya tafi ake yin ta ba. Don waɗanda suka rage ake yi. Idan aka yarda cewa mai hankali, mai sallah, mai karatu zai iya duba tafiyar ya ce bai gamsu ba, to kowa sai ya sake duba tasa ƙafar. In kuwa aka ce sayen sa aka yi, kowa ya kwana lafiya. Kuma gargaɗi ne ga mai shirin buɗe baki: ka dai ga yadda aka yi da wane.

Abin mamaki, kowace ƙungiya ta sha wannan ɗacin kafin ta shayar da wani. Lokacin da Shehu Isma'ila Idris ya kafa Izala a Jos a 1978, samarin da suka bi shi su ne masu barin gida. An kira su marasa ladabi, masu raina iyaye, 'yan Wahabiyya, don sun ƙi durƙusawa gaisuwa, sun ƙi bidi'o'in suna da na makoki. Haka aka karɓe su a Maraɗi da Ƙonni, tun kafin ƙungiyarsu ta Adini Islam ta sami takardar hukuma a Nijar a 1993. Da Izalar ta dare gida biyu a farkon shekarun 1990, ɓangaren Jos da na Kaduna, sai ga zargin son kuɗi da son girma yana yawo tsakanin mutanen da jiya suke sahu ɗaya. Tijjanawa ma sun sha nasu a lardin Sakkwato a 1949 da 1956, lokacin da su ne baƙin tafiya.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka akwai cocin Mormon, wanda Joseph Smith ya kafa a 1830, cibiyarsa a jihar Utah. Mabiyansa sun daɗe suna cewa mai barin su ɗayan uku ne: an ɓata masa rai, ko malalaci ne, ko zunubi yake marmari. In ya fita ya ci gaba da suka, sai su ce ya bar coci amma ya kasa ƙyale shi. Da aka tambayi dubban waɗanda suka daina gaskata cocin a wani bincike da wani ɗan cocin, John Dehlin, ya jagoranta, yawancinsu tarihin cocin da koyarwarsa suka ambata, kamar matan da Smith ya tara. Ɓacin rai da son zunubi can ƙasa suka zo. A Oktoban 2013 ɗaya daga manyan shugabannin cocin, Dieter Uchtdorf, ya faɗa a babban taronsu cewa lamarin bai kai haka sauƙi ba. Dehlin kuwa an kore shi daga cocin a 2015.

Kada a ɗauka masu fita waliyyai ne. Akwai wanda da gaske kujera ya rasa. Kuma da yawa, da zarar sun tsallaka, sai su ɗauki tulun fentin su juya: waɗanda na baro makafi ne, malaminsu ɗan kasuwa ne. A waya abin ya fi muni, domin guntun wa'azi na minti ɗaya da aka yanke kai da gindi shi ake kira raddi, kuma daga Sakkwato zuwa Malbaza ba ya tsayawa a kan iyaka. Sai dai nauyin ba ɗaya ba ne. Mai fita shi kaɗai ne. Shi za a fasa ba auren da aka yi alkawari, shi dillalin albasa zai daina ba bashi, matarsa za a daina gaya wa biki.

Wannan rigima ba yau ta fara ba. Duk mai zuwa Sakkwato daga Ƙonni yana ratsa Kware. A can Malam Abdussalami ya zauna, Ba'are, almajirin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo na farko-farko, wanda harin da aka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abin da ya jawo hijirar 1804. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya juya wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello baya. Kukansa shi ne an raba ƙasa tsakanin manya ba a ba shi rabon da ya dace ba, kuma zalunci ya shigo tafiyar. Bello ya ce ya haɗa kai da abokan gaba, ya yanke masa hukuncin ridda, aka ci Kware da yaƙi a farkon 1818, Abdussalami ya rasu a Bakura da raunin da ya samu. Har yau masana tarihi suna jayayya kan wannan hukunci. Abin da ya ba su damar jayayyar shi ne, da Bello ya zo rubuta labarin a littafinsa Sardul Kalami, bai tsaya ga nasa bayanin ba. Ya kwafe wasiƙun Abdussalami ya sa a ciki, har da koke-kokensa, sannan ya bi su yana amsawa.