Eldaberi: Itaciyar Bakin Shinge da ta Zama Ƙawar Lambu

A ƙasashen Turai masu sanyi akwai wata itaciya da ke fitowa da kanta a bakin shinge da gefen daji da kangaye, wadda mutanen Ingila ke kira eldaberi. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa mata sunan kimiyya Sambucus nigra a shekarar 1753. Tsawonta yakan kai mita 6. Ganyenta a rarrabe yake kamar na darbejiya, kowane ɗaya da ƙananan ganye 5 zuwa 7. A watannin Mayu da Yuni takan fitar da fararen furanni masu ƙamshi, a tattare kamar faifai, kafin su zama 'ya'ya baƙaƙe a ƙarshen Agusta da cikin Satumba.

Da can masu lambu ba su ɗauke ta da daraja ba. Abin da ya ɗaga martabarta shi ne aikin masana barbarar tsirrai. A cibiyar bincike ta East Malling da ke yankin Kent a Ingila aka samar da irin da ake kira Black Beauty da kuma Black Lace, masu ganye shunayya mai duhu da furanni ruwan hoda. Wannan launi daga wani sinadari yake mai suna antosayanin, wanda shi ne ke ba zoɓo jan launinsa. Rana ce ke sa ganye ya tara shi da yawa, saboda haka idan aka dasa irin nan a inuwa sai launin ya koɗe ya koma kore. Akasin haka, irin Sutherland Gold mai ganye ruwan ɗorawa, wanda aka samar a Kanada daga 'yar'uwarta Sambucus racemosa, zafin rana yakan ƙona shi, don haka ya fi son 'yar inuwa.

Ba a yaɗa waɗannan ire-ire ta hanyar shuka ƙwaya, domin abin da zai tsiro ba lalle ne ya gaji kamannin uwar ba. Reshe ake yankowa mai tsawon kamar santimita 20 a lokacin hunturu, a kafa shi a ƙasa mai danshi, kamar yadda ake dashen rogo. Wajen sassabe kuwa, dole mai lambu ya zaɓi ɗaya. Itaciyar tana fure ne a kan reshen bara. In ya datse ta kusa da ƙasa a ƙarshen hunturu zai samu manyan ganye masu kyau, amma ya rasa furen wannan shekara. In fure yake so, sai ya cire tsofaffin rassa kaɗai.

Sai dai wannan ƙawa tana tafe da haɗari. Ganyenta da ɓawonta da ɗanyun 'ya'yanta suna ɗauke da sinadarin sambunigirin, wanda ke sakin gubar sayanaid idan ya narke a ciki. A watan Agusta na 1983, a yankin Monterey na jihar Kalifoniya a Amurka, an kai mutum 8 asibiti bayan sun sha ɗanyen ruwan wani nau'in eldaberi da aka matse tare da ganye da rassa. Dafuwa tana kawar da gubar daga nunannun 'ya'yan, shi ya sa Turawa ke dafa su kafin su yi abin sha da su.

Ɗalibin da ya san rogo mai ɗaci ba zai yi mamakin wannan ba. Rogo ma yana da irin wannan sinadari, mai suna linamarin, kuma saboda shi ne ake jiƙawa a matse a soya kafin ya zama garin kwaki. Tsirrai biyu da ba dangin juna ba, ɗaya a ƙasar sanyi ɗaya a ƙasar zafi, sun dace a kan makami guda na kare kai daga dabbobi da ƙwari masu cinsu.